Kwana Goma a Sikotilan: Tumbin Tunkiya da Gardamar Gishiri

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma jirgin ƙasan da na hawo daga Landan ya shiga tashar Waverley ta birnin Edinbara, amma magariba ta riga ta yi, fitilun gari duk a kunne. Watan Janairu ne. Ƙanena da ke karatu a Abadin ya sha gaya mini a waya in zo da rigar sanyi ta gaske, ni kuwa na raina, na ce wanda ya sha hunturun Kano a kan babur da asuba me kuma ya rage masa gani. Ina hawowa saman titi iska ta kwaɗa mini mari. Ƙanen nawa na tsaye yana jira, ya dube ni ya dubi rigata, bai ce komai ba, ya cire mayafin wuyansa ya miƙo mini.

Yunwa muke ji, don haka ya ja ni wani shagon soyayyen kifi da dankali. Kafin mu saya sai da ya tambayi matar da wane mai suke suya, domin wasu da kitsen sa suke yi, wasu kuma har giya suke zubawa a kwaɓin fulawar da ake tsoma kifin. Aka ce man girki ne, kwaɓin kuma ruwa ne. Da ta naɗe mana, sai ta jefo mini wata tambaya da sauri. Turancin da na karanta shekara da shekaru bai tsinana mini komai ba, ko kalma ɗaya ban kama ba.

"Yaya, cewa take a sa maka gishiri da sos?"

Sos ɗin wani ruwan miya ne mai launin ƙasa, da tsami-tsami. Kafin in buɗe baki, wani ƙato da ke bayanmu a layi ya dafa kafaɗata ya ce kada in yarda su lalata mini kifi, gishiri da binega ake sawa, haka mutanen kirki ke yi. Matar ta ce ai daga jin maganarsa an san ɗan Gilasgo ne. Shago ya ɗauki dariya. Tsakanin biranen nan biyu bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, amma kowa ya riƙe nasa, kuma tsokanar da suke yi wa juna ta tuna mini Bakano da Bazazzagi in sun haɗu a tasha. Na ce a sa mini sos a gefe ɗaya, binega a ɗaya gefen. Duka biyun suka yi mini kallon maras aƙida.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne da ke ba da hayar ɗakuna biyu tare da karin kumallo. Da safe ta jero mini abin da take da shi, har da wasu baƙaƙen faya-fayai da ta ce daga Stornoway aka kawo su, can tsibirin Lewis, kuma babu kamarsu a duk Birtaniya. Na tambayi abin da ke ciki. Ta ce kitse da hatsi da albasa da jini. Na ba ta haƙuri, na ce addinina ya hana ni jini. Ban ga alamar ta ji haushi ba. Ta ce marigayi mijinta ma, da aka haifa a ƙasar, aka binne a ƙasar, ko warinsu bai so, shekara arba'in tana soya wa kanta ita kaɗai.

Sai ta ce to za ta dama mini kunu. Hatsinsu shi ne ot, wanda mu a gida muka fi sani a gwangwanin Quaker. Na tsaya a bakin kicin ina kallo. Ruwa, garin ot, gishiri. Shi ke nan. Ta ɗauko wata 'yar muciya siririya, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, tana juyawa da hannun dama, tana bin yadda hannun agogo ke tafiya. Ta ce kakarta ta ce wanda ya juya ta hagu ya gayyato Shaiɗan. Ta kuma ba ni labarin yadda a da ake dama shi da yawa, a zuba a aljihun tebur ya daskare, a riƙa yanka ana tafiya da shi gona har kwanaki. Na ce a raina wannan ai kwanan tuwo ne, sai dai babu miyar ɗumame.

Ta ajiye mini kwano, da ƙoƙon madara mai sanyi a gefe. Na kai cokali ɗaya. Talge ne mai gishiri. Bahaushe dai in an ce kunu, harshensa ya riga ya shirya wa sukari ko tsamiya, ga shi an haɗa ni da abin da ke tsakanin kunu da tuwo, ba shi nan ba shi can. Jikarta da ta shigo da kayan makaranta ta zuba nata, ta yanka ayaba a kai, ta tsiyaya zuma har sai da ya yi tafki. Tsohuwa ta girgiza kai ta ce da ni, "Ka gani? Mun haifi Ingilishi a gida." Yarinyar ta ce ita dai ba za ta ci azaba da sunan gado ba. Da tsohuwar ta juya wajen murhu na faki ido na tsunduma cokalin sukari. Ba ta waiwayo ba, ta ce ta ji ƙarar murfin gwangwani.

Wannan hatsi ba abin wasa ba ne a wajensu. Ƙasar akwai sanyi da danshi, alkama ba ta yi sosai a yawancinta, ot da sha'ir su suka riƙe talaka ƙarni da ƙarni. Baturen Ingilan nan Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, ya fassara ot da cewa hatsi ne da a Ingila dawakai ake ba, amma a Sikotilan shi ke ciyar da mutane. Har yau ba su manta masa ba. Tsohuwar ce ma ta ba ni labarin, kamar jiya aka yi zagin. A wani ƙauye mai suna Carrbridge kuwa tun 1994 ake gasar dama kunun nan ta duniya, wanda ya ci a ba shi muciyar zinariya, kuma a babban rukunin gasar ba a yarda da komai ba sai gari da ruwa da gishiri.

Ranar muka bi titin Royal Mile, wanda ya gangaro daga tsohuwar ganuwar da ke kan dutse har zuwa fadar Holyrood. Shaguna birjik da yadin nan mai gidan dara da mazansu ke ɗaurawa kamar siket, kowane dangi da zanensa. Wani na tsaye a kusurwa yana busa algaitarsu mai salka a hammata, gwiwoyinsa a waje cikin wannan sanyi. Kayan nan an taɓa haramta su. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen tsaunuka sa su, sai 1782 aka janye dokar. A 1822 kuma, da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, shi da kansa ya ɗaura, abin ya zama ado na manya. A wani shago yaron da ke sayarwa ya nuna mini 'yar tsana mai gashi buzu-buzu, ya ce wannan ita ce hagis, dabbar dawa ce, ƙafafunta na gefe ɗaya sun fi na ɗayan tsawo don ta ji daɗin zagaya tsauni. Fuskarsa ko alamar murmushi babu, alhali hagis abincinsu ne na kayan cikin tunkiya da ake ɗurawa a tumbi. Na ce masa mu ma a garinmu akwai wani Gizo, in ya zo zan haɗa su.

A gidan abincin da muka fake wa ruwan sama muka zauna tebur ɗaya da wani dattijo Ba'amurke. Ya sha siket ɗinsa sabo fil, har da 'yar jakar gashi a gaba. Ya ce kakan kakansa daga tsaunukan arewa aka kore shi, zamanin da masu ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, suka tashi ƙauyuka, mutane suka watsu Kanada da Amurka da Ostareliya. Shekara da shekaru yana cin hagis a taron 'yan asalin Sikotilan na garinsu, amma bai taɓa cin na ainihi ba, domin tun 1971 Amurka ta hana sayar da huhun dabba a matsayin abinci, hagis kuwa da huhu ake yi. Aka kawo masa. Ya rufe ido ya kai loma, ya daɗe yana taunawa, har idonsa ya kawo ruwa. Ko daɗi ne ko tunanin kakanni ne ko yana kokawa da maƙogwaro ne, Allah masani. Ya tambayi yarinyar da ta kawo abincin ko ita ma haka take ji in ta ci. Ta ce a Edinbara aka haife ta, kuma rabonta da hagis tun tana firamare, ita taliyar Italiya ta fi so. Na ga fuskar dattijon ta faɗi. Tausayinsa ya kama ni: ya ƙetaro teku yana neman gida, ya tarar 'yan gidan suna cin taliya.

Kwana biyu muka yi, muka kama hanyar arewa. Jirgi ya bi ta kan jar gadar ƙarfen nan ta Forth da aka buɗe a 1890, ya haye kogin Tay ya shiga Dundee, muka sauka a Arbroath. Masu tarihi sun san garin da wasiƙar 1320 da manyan ƙasar suka aika wa Fafaroma suna jaddada 'yancinsu daga Ingila. Ni kam hancina ne ya san shi. Tun kafin mu isa bakin ruwa ƙamshin banda ya tare mu, na ji kamar na shiga layin 'yan kifi a kasuwar gida.

Wani mutum muka samu a bayan shagonsa yana aiki, ya bar mu muka tsaya. Kifin hadok ne, an cire kai, an wanke ciki, ya kwana cikin gishiri. Sai a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a kan sanda, a jera sandunan a bakin rabin ganga da aka hura wutar icen kirki a cikinta, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Yana tsaye yana sauraron wutar, in ta so tashi ya yayyafa wa buhun ruwa. Bai kai awa ɗaya ba ya yaye. Fatar ta yi ruwan tagulla. Ya ɗauko guda da hannu, ya tsaga bayansa da yatsa, ya zare ƙayar gaba ɗaya a ja ɗaya, ya miƙo mini a takarda yana tururi. Bandarmu ta gida busarwa take yi don kifi ya yi watanni, sai an jiƙa an sa a miya. Wannan kuwa naman fari ne tas, da laushi da maiƙo, hayaƙin ya ratsa shi bai ƙona shi ba. A tsaye na cinye, iska na kaɗa ni, yatsuna na ƙuna, tsuntsayen teku na shawagi a kaina da mugun nufi. Ya ce asalin sana'ar daga ƙauyen Auchmithie ne, nan kusa, kuma tun 2004 doka ta ce ba a kiran kifi da sunan garin sai an yi bandarsa a kewayen mil biyar. Ɗansa da ke taya shi kwasa ya ce shi fa warin ya ishe shi, in ya tashi aiki kaza yake nema. Uban bai ko ɗaga kai ba.

A duk tafiyar, in za a tambaye ni, wannan kifi shi ne sarki.

Stonehaven tsayawar awa biyu muka yi. Nan ne aka ce a shekarun 1990 aka fara tsoma cakulan Mars a kwaɓin fulawa a soya. Ƙanena ya matsa, na gutsura sau ɗaya, zaƙi da maiƙo suka hau mini kai, na bar masa. Wata mata a tashar ta ce baƙi ne ke sayensa, su ya zame musu abin gori kawai. A Abadin, birnin da aka gina da dutse mai launin toka har ba ka rabe gini da sararin sama, na so in ɗanɗana wani burodinsu mai gishiri da aka ce don masunta aka fara yinsa, saboda yana daɗewa a teku. Har na ɗauka, ƙanena ya karɓe ya juya bayan ledar ya nuna mini: man alade. Daga ranar na koyi karanta bayan leda kafin gabanta. Muka ɗauki mota zuwa Cullen, wani ƙaramin gari a bakin teku, don miyar da ke ɗauke da sunansa, ta bandar kifi da dankali da albasa da madara. Kifi da madara a tukunya ɗaya, na san abin da Inna za ta ce in ta ji. Na sha kwano biyu. Can ma akwai masu cewa a dame dankalin ya yi kauri, akwai masu cewa a bar shi gutsi-gutsi, amma na gaji da shiga faɗan da ba nawa ba.

Ranar 25 ga wata muka sauka Gilasgo, domin wani abokin karatun ƙanena ya gayyace mu gidan iyayensa cin abincin daren Burns. Robert Burns mawaƙinsu ne na ƙasa, ɗan manomi, an haife shi ranar 25 ga Janairun 1759 a Alloway, ya mutu a 1796 yana da shekara 37. Shi ya yi wa hagis waƙar kirari, kuma tun 1801 da abokansa suka taru don tunawa da shi abin ya zama al'ada. Direban tasin da ya ɗauke mu ya ce shi a daren nan shinkafa da miyar kori zai ci, kamar kowane dare. Ya ce in muna son hagis mai daɗi mu nemi wanda 'yan Indiya da Pakistan na garin ke soyawa cikin kwaɓin garin wake kamar ƙosai. Shi ya nuna mana unguwar da mahautan Musulmi suke, inda muka samu hagis na halal muka riƙa a leda.

Hagis dai kayan cikin tunkiya ne: zuciya da hanta da huhu, a dafa a niƙa, a haɗa da garin ot da kitse da albasa da masoro da gishiri, a ɗura a tumbi a ɗinke, a sake dafawa. Yanzu da yawa a wata leda ta musamman ake ɗurawa. Turawan da na gaya wa zan ci sun riƙa yamutsa fuska suna jinjina mini kamar zan shiga ramin kura. Ni da duk ranar Layya kayan ciki ne farkon abin da ke shiga kasko a gidanmu, kuma akan yi rigima a kan tumbi, ban ga abin jarumta ba.

Mu goma sha ɗaya ne a teburin, hagis kuma uku: na gargajiya, da namu, da na wake da ganye wanda babu nama ko kaɗan, na 'yar gidan da mijinta. Uban gidan ya fara da wata gajeriyar addu'a da suke dangantawa da Burns, ma'anarta wasu na da nama ba sa iya ci, wasu na son ci ba su da shi, mu kuwa ga nama ga lafiyar ci, godiya ta tabbata ga Ubangiji. Na ce amin har zuciyata. Babu mai algaita, sai aka kunna ta a waya, uwar gida ta shigo da faranti a sama kowa ya miƙe tsaye ana tafi. Tsoho ya zare wuƙa, ya goge ta a hannun riga, ya shiga rera kirarin da tsohon harshensu wanda ko ƙanena bai fahimta ba, yana nuna tumbin nan kamar maroƙi a gaban basarake. Da ya kai wani baiti ya burma wuƙar, ya tsarge shi daga kai zuwa gindi, tururi ya tashi, abin ciki ya bazu. Suka ɗaga kofunan wiski. Mu aka zuba mana Irn-Bru, lemon kwalbarsu mai ruwan goro wanda na kasa gane ɗanɗanon mene ne. Surukin gidan ya ce tun da aka rage masa sukari a 2018 ya daina sha, wai har katan-katan mutane suka ɓoye na tsohon.

Aka zuba mini nawa da dakakken dankali da wata dakakkiyar saiwa mai launin kabewa. A baki kamar dambu yake, warwar, da maiƙo da ƙamshin hanta, masoro na biyo baya. Yana da daɗi, amma ɗan Kano zai ce an tsaya a rabin hanya. Na laluba aljihu na fito da ƙullin yajin da ban rabu da shi ba tun daga gida, na barbaɗa. Tsoho ya gani, ya tambaya, ya miƙo farantinsa. Loma ɗaya ya hau tari, fuska ta yi jawur, ya kurɓi ruwa, ya sake miƙo farantin. Matarsa ta ce shekara hamsin yana yi wa mutane wa'azi kada a sa wa hagis komai, yau ga shi. 'Yarsu ta ce da ma na waken ya fi. Ɗan ya ce na wake ba hagis ba ne, fate ne. Wata gwaggo a ƙarshen tebur, wadda tun da aka fara dankali kawai take ci, ta ce duk ƙarya suke, abincin yunwa ne, kakanninsu sun ci ne don mai gona ya kwashe naman ya bar musu ciki, kuma da sun samu cinya da ba wanda zai yi wa tumbi waƙa. Tsoho ya ce to ai shi ya sa ake yi masa waƙar. Murya ta ɗaga, aka koma kan ƙuri'ar raba-gardama ta 2014 kan ɓallewar Sikotilan daga Birtaniya, aka dawo kan gishiri a kunu.

Da ƙura ta lafa tsohon ya tambaye ni daga ina nake a Najeriya. Na ce Kano, na kuma gaya masa wani ɗan ƙasarsu, Hugh Clapperton na garin Annan, ya shiga garinmu a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake komowa ya mutu can a 1827. Bai taɓa jin sunansa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce yana fata dai mun ba shi wannan jan garin kafin ya mutu. Na bar masa sauran ƙullin.

Tsarabar da na kawo gida ba ta da yawa: 'yar muciyar nan, da alewar madararsu mai kama da tamu sai dai ta fi ta narkewa a baki, da fakiti uku na busasshen biskit ɗin ot. Alewar ko kwana ba ta yi ba. Muciyar maiɗakina ta karɓe, da ita take dama kunun gyaɗar yara, ta hagu ko ta dama ban bincika ba. Biskit ɗin na kai wa Inna, na zauna ina ba ta labarin ƙasar da darajar hatsin a wajen masu ita. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta juya shi ta duba bayansa.

"Ɗan nan, wannan ai dusa ce."

Washegari da na shiga gaishe ta, na tarar da ledar a gindin turken ragonta, babu ko ɓurɓushi.